MAKAMASHIN ZUCIYA DA CIWON GAZAWARTA



Zuciyar ɗan Adam takan buga kimanin sau 100,000 a kowace rana, kuma kowane bugu yana cin ƙarfi. Wannan ƙarfi yana ƙunshe ne a cikin wani sinadari da masana ke kira ATP. An ƙiyasta cewa zuciya tana kashe wajen kilo 6 na ATP a yini guda, alhali abin da take iya ajiyewa bai wuce na 'yan daƙiƙoƙi ba. Watau tilas ne ta riƙa sarrafa shi tana kashewa nan take. Wuraren da ake wannan aiki su ne maitokondiriya, wasu 'yan murahu da suka cinye kusan sulusin kowace ƙwayar tsokar zuciya.

Tun cikin shekarun 1950 Richard Bing ya nuna a Amurka cewa kitse ne babban makamashin zuciyar mutum. Lafiyayyar zuciya tana samun fiye da rabin ƙarfinta daga gare shi, saura kuwa daga sukari da dangoginsa, kuma takan sauya daga wannan zuwa wancan gwargwadon abin da jini ya kawo mata. To, idan ta fara gazawa, murahun nan sukan lalace, ƙona kitse ya ragu, sukarin da ta koma wa kuma ba ta ƙona shi har ƙarshe. A 2016 aka gano cewa takan ƙara dogara ga kiton, wani makamashi da hanta ke yi daga kitse, musamman lokacin azumi. Stefan Neubauer, wanda ya auna raguwar ajiyar ƙarfin a jikin majiyyata, ya kamanta irin wannan zuciya a 2007 da injin da mansa ya ƙare.

A nan ne likitoci suka taɓa yin kuskure mai tsada. Ganin zuciya ta yi rauni, sai aka nemi maganin da zai tilasta mata matsawa da ƙarfi. Gwajin da aka yi wa ƙwayar milrinone, wanda aka buga sakamakonsa a 1991, ya nuna waɗanda suka sha ta sun fi mutuwa. Bulala ce aka yi ta zabga wa jakin da yunwa ta kayar. Magungunan da ke rage saurin bugun zuciya, irin su bisoprolol da carvedilol, waɗanda a dā ake tsoron bai wa irin waɗannan majiyyata, su ne suka tsawaita rai, domin sun rage mata kashe abin da ba ta da shi.

Akwai kuma yunƙurin sauya makamashin kansa. Sukari ya fi kitse arahar iskar oksijin, saboda haka aka gwada trimetazidine don karkata zuciya gare shi. An ga alamun sauƙi a ƙananan gwaje-gwaje, amma hujjar ba ta kai ta manyan magunguna ba. Sinadarin ƙarfe ya fi shi sa'a, domin murahun ba sa aiki sai da shi, kuma a 2009 an nuna cewa ba da shi ta jijiya yana ƙara kuzari ga majiyyatan da ya yi musu ƙaranci.

Babbar nasara kuwa daga wajen masu ciwon sukari ta ɓullo. A 2015 aka lura cewa empagliflozin, maganin da ke sa ƙoda ta zubar da sukari ta fitsari, ya rage kwanciya asibiti saboda gazawar zuciya da kashi 35 cikin 100. A 2019 aka gwada ɗan'uwansa dapagliflozin a kan mutum 4,744 masu gazawar zuciya, ya rage tsanantar ciwon ko mutuwa ta dalilin zuciya da kashi 26 cikin 100, har ga waɗanda ba su da ciwon sukari. Wasu masana sun ce sirrin yana ga kiton da maganin ke ƙarawa a jini. Wasu sun fi jingina shi ga rage ruwan jiki da sauƙaƙa wa ƙoda aiki. Yau dai yana cikin rukunan magani 4 da ake ɗora mai raunin bugun zuciya a kansu.