JAWABI A KAN INJIN DA KE SHAN BAƘIN MAI

  

Abin da ya sa muka tashi tsaye yau shi ne injuna, watau babura, motoci da injunan ban-ruwa da kuka sayo da guminku. Da yawansu suna shan baƙin mai, mu kuwa sai ƙari muke yi, kamar mai zuba ruwa a rariya.

Mun taɓa yin kuskure da injin ban-ruwan ƙungiya. Da ya fara hayaƙi, muka kai shi wajen wani makanike, ya kwance shi duka, ya sake zobban fistan. Kuɗi ya tafi, hayaƙi yana nan, albasa ta yi kwanaki ba ruwa. Ashe ciwon yana can a kan inji.

A kan inji akwai bawul, wanda makanikan Damagaram ke ce wa supap. Sandarsa tana kai da komowa cikin wani ɗan bututu, da ƴar roba a bisa mai tare mai. In zafi ya busar da robar, ko bututun ya cinye, sai mai ya zurara ya ƙone tare da fetur.

To, yaya za mu gane? A dubi salansa da safe. In shuɗin hayaƙi ya fito da an tada inji, jim kaɗan ya ɗauke, a zargi roba. Haka ma in inji ya daɗe yana aiki a hankali, aka ba shi wuta ya feso. In kuwa hayaƙin ba ya yankewa, yana ƙaruwa da nauyin aiki, ƙarfi ya ragu, wannan aikin zobba ne. Baƙin hayaƙi dabam ne: fetur ya yi yawa, ko matatar iska ta toshe. Injin da ake gauraya wa mai da fetur ba ya cikin wannan zance, hayaƙi halinsa ne.

In an sauke kan inji, ku tsaya a wurin. Makanike ya ɗan zaro bawul, ya girgiza shi gefe da gefe. In yana rawa sosai, bututun ya gama aiki, sabuwar roba ba za ta daɗe ba. Sai a kai wa masu tornu a Damagaram ko Kano, su dasa sabon bututu, su gyara mazaunin bawul, a wasa shi ya zauna daram.

Rigakafi ya fi magani. Ƙurar hunturu ita ce ke cin ƙarfe. A riƙa wanke matatar iska, a juye mai a kan kari, a guji man da ba a san asalinsa ba.

Ku da ke aiko da kuɗin gyara daga nesa, ku fara tambaya: wane irin hayaƙi ne, kuma yaushe yake fitowa?

Allah ya albarkaci Dungu. Wassalam.