Me ya haɗa lissafin allo da tayar tirela?

Wani dattijo makiyayi ya aiko da ƙorafi: ya sayar da bijimai biyu ya sa ɗansa karatun injiniya, shekara ta zagayo yaro bai taɓa ko sifana ba, kullum sai lissafi. Ko cutarsa aka yi?

Baffa, ba a cuce ka ba. Ko a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko a makarantun Yamai, da lissafi ake ɗora tubalin farko. Bari in ba ku misali da hanyar Maraɗi zuwa Katsina da kuke bi. Daga 1958 zuwa 1960 an yi wani gwaji a Amurka, aka yi ta zagaya manyan motoci a kan kwalta ana auna lalacewarta. Aka gano in nauyin da ke kan layin taya ɗaya ya ninka biyu, ɓarnar ba biyu take zama ba, wajen sau 16 ce: biyu sau biyu, sau biyu, sau biyu. Ko daga tan 10 ka ƙara zuwa 12, ɓarna ta ninka. To kun ji dalilin ramukan nan, 'yan kasuwa, kuma wannan ne yaron zai lissafa kafin ya faɗi kaurin titi.

Inda nake ganin laifin wasu malamai shi ne su cika allo da haruffa, ba su ce wa ɗalibi wannan harafin tirela ce, wancan kwalta ce ba. Sai yaro ya haddace, ya ci jarrabawa, ya manta.

Don haka in ya zo hutu, Baffa, gwada shi. Shanu 80, a ce kowace na shan lita 30 a rana, tanki mai lita 5,000 kwana nawa zai yi? Biyu ne da ɗan ragowa, wannan kai ma ka sani. Sai ka tambaye shi me ya sa famfon tanki ke feshi da ƙarfi in ya cika, ya yi sanyi in ya yi ƙasa. In ya ce maka zurfin ruwa ne, kuma sai zurfin ya koma kashi ɗaya cikin huɗu kafin gudun ya ragu da rabi, to bijimanka ba su tafi a banza ba. In ko ya tsaya sosa ƙeya, ka ce ya koma wa malaminsa da wannan tambayar.