Nana Asma'u da Tsofaffin Matan Unguwanninmu

Masu martaba iyayen ƙasa, malamaina, iyayena mata da kuka taso tun daga Bakura da Maradun, da ku masu masaukinmu mutanen Talata Mafara, barkanku da zuwa.

An ce in yi magana a kan macen da ta riƙe gidanta, ta tsufa tana yi wa jama'a hidima ba don albashi ba. Zan ɗauki Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, domin tarihinta ya ratsa ta wannan ƙasa tamu. Kafin a haife ta, Shehu ya shafe kimanin shekara biyar yana wa'azi a Zamfara, ya zauna a Faru. A wancan lokacin wani malami ya soki yadda mata ke halartar majalisinsa, Malam Abdullahi ƙanen Shehu ya mayar da amsa cewa barin mata cikin jahilci shi ne babban laifi. Ke nan a kan ƙasar nan aka yi muhawarar karatun mata tun fiye da shekara ɗari biyu da suka wuce.

An haifi Asma'u a Degel a 1793. Tana da shekara goma sha ɗaya Shehu da jama'arsa suka yi hijira zuwa Gudu a 1804, shekara ta zagayo jama'a suka sauka a Sabon Gari cikin Zamfara, ga yunwa ga ciwo. Yarinyar da ta ga haka da idonta ta san ciwon gudun hijira. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama wazirin ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Gidan waziri kuwa ba ya rabo da baƙi, tukunya ba ta sauka daga murhu. A cikin wannan hidima ta haifi 'ya'ya ta tarbiyyantar da su, har ɗanta Abdulƙadir ya gaji wazirci. A cikinta kuma ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa.

Aikinta da ya fi daɗewa shi ne 'Yan Taru. Bayan yaƙe-yaƙe, ƙauyuka sun cika da zawarawa da marayu da matan da ba su samu karatu ba. Matar aure mai goyo ba ta iya barin gida ta tafi Sakkwato wurin Asma'u. Sai Asma'u ta zaɓi dattijai mata masu mutunci a garuruwansu, ta naɗa kowacce jaji, ta ɗora mata malfa da jan ƙyalle don a san an ba ta amana. Jaji kan jagoranci tsofaffi da 'yan matan da ba su yi aure ba, su tako da ƙafa ɗauke da sadakar hatsi da zuma da sawaye. Asma'u ta raba sadakar ga mabukata, su kuma ta koya musu waƙoƙin da ke ɗauke da hukuncin tsarki da salla da zaman aure. Su koma gida su koyar a tsakar gida, su yi wa mata wankan gawa, su duba marasa lafiya, su sasanta masu rigima. Ta rasu a 1864 tana da shekara saba'in da ɗaya, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin.

Ga abin da nake so ku riƙe. Asma'u ta yi wa sarakuna da malamai marsiyya, amma ta kuma yi wa maƙwabciyarta Halima, mace mai kirkin zama da mutane, ta yi wa jaji Hauwa'u. Da ba ta rubuta ba, da babu wanda ya san sunayensu yau. Ita kanta mun san ta sosai ne saboda gidan Waziri ya adana takardunta, har marubuciya Jean Boyd ta yi aiki da su a hannun Waziri Junaidu ta fitar da tarihinta a 1989.

Iyayena mata, irin Halima da Hauwa'u suna cikinku. Akwai ungozomar da ake buga wa ƙofa da tsakar dare, ta yafa mayafi ta fita, ta yanke cibiya, ta dawo da safe ta dama kunun kanwa ta tsaya kan wankan jego. Akwai uwar adashin da ba a taɓa jin ta ci kuɗin kowa ba. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, mata nawa ne suka biya kuɗin makarantar 'ya'ya da turara shinkafa? Da 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka, su ne suka shimfiɗa wa baƙi tabarma suka ƙara ruwa a miya. Da aka sace 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe ranar 26 ga Fabrairu 2021, iyaye mata ne suka kwana suna kuka da addu'a, kuma a hannunsu maganar komawar yarinya aji take.

Irin wannan tsohuwa takan rasu a yi sadakar uku, a ce tana da kirki, shi ke nan. Jikokinta ba su san 'ya'ya nawa aka haifa a hannunta ba.

Don haka ina da roƙo uku. Ɗalibanmu na Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau da na Islamiyyu, wayar da ke aljihunku tana ɗaukar murya: ku zauna gaban kakanninku da izininsu, ku tambaya, ku rubuta. Masu unguwanni da limamai, ku san waɗannan mata da sunayensu, ku duba su in sun kwanta ciwo, kada a jira ranar jana'iza. Magidanta kuma, wanda matarsa ko 'yarsa ta nemi zuwa makaranta ya sahale mata, domin jajin gobe daga cikinsu za ta fito.

Allah ya jiƙan Nana Asma'u da iyayenmu da suka riga mu, ya ƙara wa na raye lafiya, ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara.