LOKO: ITACEN DA BA YA YARDA DA DASHE

Jawabi ga Hakimai da Malamansu

Kafintan Unguwar Sanusi, in mai gida ya ce masa yana son ƙofar da za ta kai ga jikoki, katakon loko zai nemo masa a Panteka. Loko shi ne wanda Yarabawa su ke kira iroko. Itacen kurmi ne, ya kan kai ƙafa 150, jikinsa miƙe sambal, sai can bisa ya ke fid da rassa. A Arewa ba a samunsa sai a kurmin bakin rafuka, kamar na ƙasar Jama'a.

Gara ba ta cika cinsa ba, ruwa kuma ba ya ruɓar da shi da wuri. Saboda haka a kan yi ƙofofi da tagogi da tebura da shi, har turmi da kwalekwale. Sabon tsagi rawaya ne, in ya kwana biyu ya koma ruwan ƙasa. Wani sa'i a kan tarar da farin dutse a cikinsa, wanda ke dakusar da zarto.

To, ga inda wahalar ta ke. Itacen tik, baƙo daga Asiya, an soma dasa shi a gandun Nimbiya a 1957, ya kuwa kama. Loko bai yarda da haka ba. In an jera 'ya'yansa a fili ɗaya, sai wani ɗan ƙwaro ya faɗa wa tohon, ya kumbura shi ƙulu-ƙulu, dashen ya tsumbure. Wanda ya tsiro shi kaɗai a inuwar kurmi ya fi tsira. Sa'an nan kuma loko akwai namiji akwai tamata, tamatar ce kaɗai ke 'ya'ya, jemagu da tsuntsaye ke watsa irin. Wanda ya sare uwa ɗaya, ya yanke zuriyar wannan kurmi, ga shi kuwa sai loko ya shekara 60 ko fiye kafin ya isa tsaga.

Don haka ya kamata kowane Hakimi mai kurmi a ƙasarsa ya sa dagatai su ƙirga manyan loko, malaminsa ya rubuta su cikin littafi, ya nuna masu 'ya'ya dabam. Mai zarton inji in ya zo, a nemi takardar izninsa, a aika wa malamin daji tun bai ɗora zarto ba. Manomin da ya tarar da ɗan loko wajen sassabe, a roƙe shi ya kewaye shi, ya share ciyawar gindinsa kafin lokacin gobarar daji.