CIWON KAN MAI JEGO BA NA RAINI BA NE, IN JI LIKITA

Wani likitan ƙwaƙwalwa ya gargaɗi Hausawan Legas da su daina ɗaukar ciwon kan mai jego tamkar gajiyar haihuwa. Ya yi gargaɗin ne a laccar da reshen mata na jam'iyya ya shirya a Zangon Agege.

Likitan ya ce akwai hanyoyin da ke mayar da jini daga ƙwaƙwalwa zuwa zuciya. Idan jini ya daskare a cikinsu, sai hanya ta toshe, ƙwaƙwalwa ta kumbura, wani sa'i har jini ya ɓalle a cikinta. Shanyewar jiki da aka saba gani ta dattawa ce masu hawan jini, amma wannan cuta ta fi kama masu ƙuruciya. Wani bincike da aka buga a 2004, na majinyata 624 a ƙasashe 21, ya nuna kashi uku cikin huɗu mata ne.

Ya ce makonni shida na farko bayan haihuwa su ne mafi hatsari, watau daidai kwanakin wankan jego, domin a lokacin jinin mace yana saurin daskarewa. In aka haɗa da zubar jini wajen haihuwa, da gumi, da ƙarancin shan ruwa, to hatsari ya ƙaru. Ya ambaci kuma miki a kunne da aka bari ya ruɓe, da ƙwayoyin tsarin iyali, har da waɗanda wasu mata kan saya a kemis don jinkirta al'ada saboda azumi ko aikin hajji.

Alama ta farko, in ji shi, ciwon kai ne mai tsanani da ke ƙaruwa kullum, ba ya jin magani. Daga nan sai amai, ko gani bibbiyu, ko mutuwar hannu, ko faɗuwa kamar mai farfaɗiya. A nan ne akan ce iska ce, a yi ta hayaƙi har kwanaki su shige. Likitan bai hana addu'a ba, ya dai ce a yi ta a kan hanyar asibiti.

Da wata dattijuwa ta tambayi inda za a nufa, ya ce babban asibitin Orile Agege na kusa, daga can a miƙa majinyaciya asibitin koyarwa na Ikeja ko na Idi-Araba. Hoton kai na yau da kullum kan iya fitowa lafiya alhali cutar na nan, don haka dole a ɗauki na hanyoyin jinin kansu da na'urar MRI ko CT.

Maganin kuwa allurar hefarin ce mai hana jini daskarewa, ana yin ta ko da jini ya ɗan ɓalle. Bayanta sai ƙwayoyi irin su warfarin na wata 3 zuwa 12. Mai shayarwa na iya shan warfarin, mai ciki kuwa allura za ta ci gaba da yi. Ya ce wajen 8 cikin 10 kan warke su koma harkokinsu, ya kuma roƙi mazaje kada su jira a ci kasuwa kafin su ba da izini da kuɗin mota.