A riƙe sana'ar hannu, a tsare gadon Musulunci, in ji Malami a Wudil

An yi kira ga matasa Musulmi da su daina raina sana'ar hannu. Wani Malami ne ya yi wannan kira a jawabinsa ga 'yan'uwa a garin Wudil.

Bayan hamdala da salati, Malam ya kawo tarihin birnin Kashan na ƙasar Iran, inda wajen shekara 800 da suka wuce magina suka shahara da yin tayil mai ƙyalli kamar zinare, alhali babu ko ƙwayar zinare a cikinsa. Ya ce sai an gasa tayil ɗin tukuna, sannan a yi masa rubutu da haɗin azurfa da jan ƙarfe, a mayar da shi tanderu cikin hayaƙi. In ya huce aka goge, sai ƙyallin ya fito. Da irinsa aka rubuta ayoyin Alƙur'ani a mihrabin hubbaren Imam Rida a Mashhad a 1215.

"Amma 'yan'uwa, ina sauran suke yau?" Malam ya tambaya. Ya ce mihrabin masallacin Maidan na Kashan, aikin 1226, yana gidan kayan tarihi a Balin ta Jamus. Na Waramin kuwa, wanda Ali bin Muhammad bin Abi Ɗahir ya yi a 1265, yana can Hawai ta Amurka. Abin da aka yi don masu sujada ya koma abin kallon 'yan yawon buɗe ido.

Daga nan sai ya dawo gida. Ya ce mu ma muna da namu gwanayen, irin su Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya da ƙasa tun ƙarni na 19. A watan Agusta 2023 wani sashe na masallacin ya rufta, aka yi asarar rayukan masallata. Ya ce ginin ƙasa kullum yana bukatar gyara, gyara kuma sai da masu sanin aikin.

Don haka ya shawarci matasan Wudil, waɗanda Allah ya hore wa kogi da jami'ar kimiyya da fasaha, su zauna gaban tsofaffin magina su koya tun suna raye. Ya ce abin da ka raina, wani ne zai ɗauke.

An rufe taro da addu'a.