Araha da Tsada a Zaɓen Bindigar Ƙusa Mai Aiki da Iska



Maƙasudin wannan lacca shi ne mu duba wata na'ura ta kafintoci, watau bindigar ƙusa mai aiki da iska, da kuma yadda mai ƙaramin ƙarfi zai zaɓi wadda za ta yi masa aiki. Na san a cikinku akwai waɗanda sayen kayan aiki na ma'aikatu yake hannunsu, akwai kuma ɗalibai waɗanda gobe su ne za su tsaya a kan gine-ginen jama'a. Abin da nake so ku tafi da shi guda ne: kuɗin bindigar kanta shi ne mafi ƙanƙanta a cikin lissafin. Wanda ya dubi farashinta kaɗai ya saya, to, ya sayi doki bai tambayi inda ake samun ciyawa ba.

Bari mu fara da asalinta. Wannan na'ura 'yar Amurka ce, kuma bukatar ginin can ce ta haife ta. Yawancin gidajen Amurka da Kanada da katako ake tayar da su. Akan jera katako a tsaye, inci 16 tsakanin kowane biyu, a haɗa da ƙusoshi dubbai, sa'an nan a lulluɓe. Katakon nan kuwa na itatuwan ƙasashen sanyi ne, mai laushi. Mu a nan da bulo muke tayar da bango, saboda haka aikin bindigar a wurinmu ya tsaya ga haɗa katakon rufi, da na silin, da allunan da ake zuba kankare a cikinsu. Duk wanda aikinsa bai wuce rufin ɗaki biyu ko uku a shekara ba, guduma ta ishe shi. Ɗan kwangilar da ke rufa azuzuwa ko rukunin gidaje, shi ne zai ga amfaninta.

Yadda take aiki ba shi da wuyar fahimta. Injin iska, irin wanda kuke gani wurin masu faci, shi ke matse iska a cikin tanki, ta biyo tiyo ta shiga bindigar. In aka ja kunama, iskar ta tura fistin, shi kuma ya buga ƙusa ta nutse cikin katako nan take. Yawancinsu suna son matsin iska na fam 70 zuwa 120 a kan kowane inci murabba'i, suna ɗaukar ƙusa daga inci 2 zuwa 3 da rabi, nauyinsu kuma wajen kilo 3 da rabi zuwa 4.

To, abu na farko da mai saye zai tambaya shi ne ƙusa. Bindigar nan ba ta cin ƙusar da ake aunawa a kasuwa. Tata a jere take zuwa, a manne da juna, kuma kowace bindiga da irin tata, gwargwadon karkatar gidan ƙusarta. Mai digiri 21 tana cin ƙusa mai cikakken kai, wadda aka jera da roba. Mai digiri 30 zuwa 34 tana cin wadda aka jera da takarda, sau da yawa mai gutsurarren kai. Akwai kuma mai naɗi, digiri 15, wadda ke ɗaukar ƙusa 200 zuwa 300 a ɗura guda. Ƙusar wannan ba ta shiga waccan. Saboda haka a fara zagaya kasuwa a ga wace iri ce ake samu kullum, daga nan a nemi bindigarta. Mai jerin takarda tana shiga lungu, amma laimar damina tana ɓata takardar. Mai cikakken kai ta fi riƙo, har ma a wasu yankunan Amurka masu guguwa da girgizar ƙasa hukumomin gini ita suke sharɗantawa.

Wannan batu na riƙo ba ƙarami ba ne. Kowa a nan ya san ɓarnar da iskar farkon damina take yi wa rufin makarantu da asibitoci. Ƙusar bindiga yawanci ta fi ta guduma sirantaka, kuma ba ta wuce inci 3 da rabi, alhali kafintocinmu sun saba da mai inci 4 wajen haɗa manyan katakai. In takardar kwangila ta ce ƙusa kaza, mai kauri kaza, wajibi ne mai duba aiki ya tabbatar an bi, ko kuwa injiniya ya ƙayyade yawan da za a ƙara. Har ila yau, katako mai tauri irin maɗaci da loko yakan hana ƙusa nutsewa, ko ya tanƙwara ta. A gwada bindigar a kan irin katakon da za a yi aiki da shi kafin a biya, gama sai an gwada akan san na ƙwarai.

Abu na biyu shi ne iska. Ƙaramin inji mai tankin lita 24 yakan ɗauki bindiga guda. Amma a lura, injin da aka ƙera domin kasuwar Amurka yana aiki da wuta mai ƙarfin bolt 120, tamu kuwa 230 ce, kuma bakin tiyo na Amurka ya bambanta da na Ingila. Inda babu wutar lantarki sai an haɗa da janareta mai ƙarfin tayar da injin, ga kuma kuɗin mai. Duka wannan yana cikin farashi. Kada kuma a kuskura a haɗa bindigar da tulun iskar masu walda, domin tana iya fashewa.

Abu na uku, kayan gyara. Kamfanoni irin su Bostitch, da Senco, da Paslode, da Makita, da Hitachi, wanda tun 2018 ake sayar da kayansa da sunan Metabo HPT a Amurka da HiKOKI a wasu ƙasashe, sun daɗe a wannan sana'a. Akwai kuma masu sauƙin kuɗi irin Freeman da NuMax. Mai araha tana iya yin aiki sarai, muddin ana samun zoben robarta da ƙarfen da ke buga ƙusa, domin su ne suka fi saurin ci. Ƙurar hunturu kuwa abokiyar gabar robar nan ce. A riƙa ɗiga mata mai na musamman a bakin iska kowace safiya, in irin mai son mai ce, a kuma zubar da ruwan da ke taruwa a tanki kowace yamma. Bindigar da ba ta da suna, ba ta da kayan gyara, ranar da robarta ta tsage ta zama ƙarfen gwangwan. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Abu na huɗu, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne kunama. Iri biyu ce. Akwai mai bi da bi: sai an danna bakin bindiga a kan katako, sa'an nan a ja kunama, ƙusa ɗaya ta fita, ba kuwa za ta sake fita ba sai an saki duka an maimaita. Akwai kuma mai dungure: a riƙe kunama a matse, duk abin da bakin ya taɓa sai ta harba, ko katako ne, ko ƙafar mai aiki, ko bayan abokin aikinsa. Ƙididdigar hukumomin lafiya na Amurka ta nuna cewa tsakanin 2001 da 2005, kimanin mutum 37,000 ne ake kaiwa asibiti kowace shekara saboda raunin bindigar ƙusa. Jagoran da hukumomin OSHA da NIOSH suka fitar a 2011 ya bayyana cewa haɗarin mai dungure ya ninka na mai bi da bi sau biyu. Wannan fa a ƙasar da asibiti yake kusa ke nan. Ku auna yaron kafinta a kan rufi a ƙauye, da ƙusa cikin gwiwa. Saboda haka a zaɓi mai bi da bi, a sa tabarau na kariya, a cire tiyo kafin a ciro ƙusar da ta maƙale. Rigakafi ya fi magani.

Ga jami'in da zai rubuta takardar neman kaya, shawarata ita ce kada ya rubuta "bindigar ƙusa" kawai ya bar ɗan kwangila ya kawo abin da ya ga dama. Ya faɗi digirinta, da tsawon ƙusa, da irin kunama, da ƙarfin wutar injin, ya kuma sharɗanta kayan gyara da ƙusar da za ta kai ƙarshen aiki. In ya tara kuɗin waɗannan duka, a nan ne zai san wadda take da araha ta gaskiya. Dukiyar jama'a amana ce, haka kuma lafiyar wanda zai riƙe bindigar da ta yaran da za su zauna ƙarƙashin rufin.